Wanda Yake Buɗe Leda

Isiyaku ya daɗe yana zuba wa masu sayayya kaya a leda a wani babban kantin rahusa da ke unguwar Al-Naseem a ƙasar Larabawa, kuma kafin zuwan Jibirilla ba wanda ya taɓa cewa yana da nawa. Shi ne ma ya koya wa Jibirilla aikin, lokacin da ya iso daga Damagaram ba ya jin ko kalma ɗaya ta Larabcin kasuwa. Ya nuna masa ba a haɗa sabulu da burodi, ba a ɗora gwangwani a kan tumatir, kuma in mace ce ta zo biya, sai mutum ya ɗan ja baya.

Sai ga Jibirilla da tasa dabarar. Maimakon ya tsaya a ƙarshen layi yana jiran kaya su zubo masa a hargitse, sai ya zagaya gaba, ya nemi izinin mai kaya, ya sauke su da kansa a kan bel ɗin da ke jan su zuwa wurin kashiya. Buhun shinkafa da galan ɗin mai su ne kan gaba, gwangwanaye su biyo, kayan sanyi su zo tare, ƙwai da burodi a ƙarshe. Kafin Kamil, kashiyan layin, ya ɗauki na farko, Jibirilla ya koma mazauninsa. Kaya na isowa a jere, shi kuma sai jefawa a leda.

Mutane suka fara barin layin Isiyaku ko da ya fi gajarta. Mudir, wato shugaban kantin, in zai wuce sai ya dafa kafaɗar Jibirilla ya ce, "Masha Allah, ya Jibril." Isiyaku yana ji, yana ƙulla bakin leda, har wani lokaci ya ja ta yage.

"Yaya, ka gwada mana," in ji Jibirilla wata rana suna shan shayi a bayan kanti. "Ku mutanen Najeriya sai kun gaisa da kowane gwangwani kafin ku sa shi a leda."

"Ku kuma na Nijar kamar an biyo ku da sanda," in ji Isiyaku. Ya yi dariya, amma shayin bai ƙara yi masa daɗi ba.

A makon nan ne mudir ya tara su ya ce kamfani zai rage masu zuba kaya. A layin Isiyaku da na Jibirilla mutum ɗaya zai tsaya, ɗayan a kai shi sito a Al-Sulay ya riƙa lodin motoci. Ya ce ranar Alhamis, da yake an yi albashi kanti zai cika, zai tsaya ya duba da idonsa. Isiyaku ya san siton: kwanon rufi mai tafasa, buhuna daga safe har yamma. Ya kuma san gadon bayansa, wanda ko dogon ruku'u ba ya so.

Akwai abu ɗaya da mudir bai sani ba. Ledojin kantin a manne suke zuwa, ɗauri-ɗauri, kuma sanyin na'ura yana busar da yatsu har mutum ya yi ta murza bakin leda ta ƙi buɗewa. An hana lasar yatsa a gaban masu saye. Shi ya sa duk lokacin da aka sauke ƙofofi don salla, Isiyaku na idarwa yakan riga kowa dawowa, ya jiƙa ɗan sosonsa da ke cikin murfin kwalba, ya buɗe ledoji ɗaya bayan ɗaya ya rataye a ƙugiya. Tun Jibirilla yana baƙo yake yi wa layukan biyu, kuma bai daina ba.

Ranar Alhamis, bayan Magariba, ya buɗe nasa har ƙugiya ta cika. Sannan ya tsaya a gaban ta Jibirilla.

Ya auna maganar ta kowace fuska. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Ba zai yaga komai ba, ba zai ɓoye komai ba, ba zai kai ƙarar kowa ba. Alherin da mutum ya saba yi don raɗin kansa, in ya bari, ya zama zalunci? Ya ce a ransa bai zama ba. Ya ɗauko sabon ɗauri ya rataya wa Jibirilla yadda yake, a manne, don kada a ce ya bar shi babu leda. Ya sa sosonsa a aljihu, tun da nasa ne.

Aka ɗaga ƙofofi, jama'a suka kwararo. Jibirilla ya jera wa wani magidanci kayansa a kan bel, ya dawo da sauri, ya fizgi leda. Ta ƙi buɗewa. Ya murza, ya hura mata iska, ya jefar ya ciro wata. Kamil kuwa ya saba da saurinsa, bai ɗaga kai ba, sai turo kaya yake. Shinkafa ta tokare, gwangwanaye suka hau kanta, kaji masu ƙanƙara suka danno, kwalin ƙwai ya zo a ƙarshe ya rasa wurin tsayawa, ya faɗi ƙasa.

"Yalla, yi sauri ya Jibril, me ya same ka yau?" in ji Kamil.

Magidancin ya fara faɗa. Mudir yana tsaye hannu a ƙirji. Jibirilla ya waiwayo wajen Isiyaku, shi kuma Isiyaku ya duƙufa a kan wani gwangwanin wake kamar yana karanta abin da aka rubuta a jiki. Layinsa yana tafiya sannu-sannu, bai tsaya ba.

Da safen Asabar motar sito ta zo ɗaukar Jibirilla. Isiyaku ya riƙe masa jaka har bakin mota.

"Yaya, abin na ba ni mamaki," in ji Jibirilla. "Kamfani ya canja leda ne? Kullum a buɗe nake samun su."

"A buɗe kake samun su?"

"I mana. Ai haka suke zuwa."

Isiyaku ya dube shi. Ya zo da shirin jin kunya, sai ya ji wani abu daban ya taso masa: ashe duk tsawon lokacin nan mutumin bai taɓa tambayar hannun wa ke buɗe su ba. Ya miƙa masa jakar ya ce, "Wataƙila sun canja. Allah ya tsare."

"Amin. Ka kula da bayan nan naka," in ji Jibirilla, ya hau.

Kafin azahar mudir ya kira Isiyaku. Ya ce yanzu da ya rage shi kaɗai, tsohon salonsa ba zai isa ba. Daga yau ya zagaya gaba ya jera kaya, masu nauyi a farko, ƙwai a ƙarshe. "Irin na Jibril," in ji shi. "Ka gane? Irin na Jibril."

Isiyaku ya zagaya. Ya sauke wa wani dattijo shinkafa, ya bi da mai, ya bi da gwangwanaye, ya koma mazauninsa. Kayan suka iso a jere, ledojinsa a buɗe, kafin ya ankara ya gama. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa sallamar mutum da wuri haka ba.

Dattijon ya gyara zaman jan rawaninsa, ya duba keken sayayyarsa cike da ledoji, ya yi murmushi.

"Madalla," ya ce. "Jibril ya koya maka da kyau."