Fulogin Tajudeen

Tun shekarar samun mulkin kai, Mudi bakanike ke gyara wa Malam Inusa, malamin gona, babur a Malumfashi. Rannan sai ga Malam daga Funtua, inji na tafiya sumul.

"Wani Tajudeen ya sauya mini fulogi, ya rage wa tayoyi iska saboda yashin hanyar Ƙarfi. Mutumin ya san aiki, Malam Mudi!"

Mudi ya danna taya, ya ja tsaki. Malam Inusa na shiga masallaci, Mudi ya kwance fulogin, ya mayar masa da irin nasa. Don ya tabbatar tarkace ne, ya ɗaura shi a nasa babur ɗin, wanda ya yi mako bai tashi ba.

Bugu ɗaya ya tashi. Mudi ya kashe shi da sauri, kada maƙwabta su ji.