Na Tsakiya

Malam Datti mutum ne da ko kaza ce ta shigo gidansa sai ya san ta gidan wa ce. To, ka ji mutumin da aka ce wai a ƙarƙashin rufinsa, a Birnin Kudu, saƙonnin mutanen duniya suna wucewa ta intanet ba sallama!

Alhaji Muhsin maƙwabcinsa ne ya tsegunta masa bayan sallar asuba, wai wata na'urar 'yarsa ce ke wannan aiki. Ana gama karin kumallo ya kira 'yarsa Zuliha, mai koyar da kwamfuta a sakandare, ya ce ta nuna masa abin.

Abin ma bai kai abin kallo ba. Wani ɗan akwati ne kamar sabulun wanki, a kan durowa, da 'yar fitila koriya tana ƙiftawa.

"Wa yake biyan ki?"

"Ba kowa, Baba. Sa-kai ne. Mu dubbai ne a duniya."

"Saƙon wa kike ɗauka?"

"Ban sani ba."

"Ina za shi?"

"Shi ma ban sani ba."

Malam ya tafa hannu. "Ikon Allah! Duk karatun naki a ban-sani-ba ya ƙare?"

Zuliha ta yi dariya, ta gyara zama a bakin tabarma. "Baba, kamar a tasha ne. Mutum yana son aika saƙo ba tare da an gane shi ba. Sai ya ba direba na farko, shi ya miƙa wa na biyu, na biyu ya ba na uku. Na farko ya san mai aikawa, bai san inda za shi ba. Na ƙarshe ya san inda za shi, bai san daga wa ya fito ba. Ni ce ta tsakiya."

Malam ya dube ta da kyau ko da gayya take yi, amma yarinyar ba ta san komai ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙanensa Ubaidullahi na Fagam ya rantse ba zai sake cin ko ƙwayar hatsi daga hannunsa ba, tun rikicin gonar mahaifinsu. Daga baya idon Ubaidullahi ya soma mutuwa, noma ya gagare shi, ga iyali. Shi ne Malam ya ɓullo da dabara. Duk wata biyu yakan ba Dogara direba buhun gero da ambulan a liƙe. Dogara ya sauke wa wani mai lodi, Abu, a tashar Gwaram, Abu ya ba ɗan acaɓa, shi kaɗai ke buɗe ambulan ya ga sunan wanda za a kai wa. Ko Inna Balaraba, matar Malam, ba ta sani ba.

Malam ya yi gyaran murya. "Ɓarayi fa? Alhaji Muhsin ya ce su ma suna bi."

"Zai yiwu, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma akwai mai ciwon da yake kunyar a san yana bincike a kansa, akwai wanda ya ga zalunci yana tsoron faɗa da sunansa. Ba na iya tantance su."

"To abin da ba a iya tantancewa ba zai zauna mini a gida ba. Kafin la'asar ki kashe shi."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba." Shekara biyu tana lallaɓa abin nan kamar jinjiri, amma ba ta musa ba. Wannan "to" ɗin ya fi gardama yi masa ciwo.

Ranar kuwa ranar buhu ce. Da hantsi Malam ya sa aka kai buhun tasha, shi ma ya bi baya, ya tarar da Dogara yana ɗaure kaya a bayan mota.

"Malam, ashe buhun nan naka rigima ya tayar wancan karon!" in ji Dogara yana dariya. "Abu ke ba ni labari. Wai dattijon da ake kai wa ne ya riƙe rigar ɗan acaɓa, ya ce sai ya faɗi mai aikowa. Ya ce akwai mutum ɗaya a duniya da in daga gare shi ne, gara yaransa su kwana da yunwa."

Malam ya matso kusa. "Sai ɗan acaɓan ya ce masa me?"

"Me zai ce? Ya rantse da Allah bai sani ba, a tasha aka ba shi. Washegari sai ga tsohon an riƙo masa sanda har Gwaram, ya tsare Abu. Abu ya ce shi dai direba ne ya sauke masa, mota nawa ke shigowa a yini? Ya ce ko yanka shi za a yi bai san mai geron ba. Kuma gaskiyarsa ce."

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa mana. Har ya yi wa mai aikowa addu'a, wai Allah ya haɗa su a Aljanna."

Malam ya miƙa ambulan, ya juya da sauri don kada Dogara ya ga idonsa. Wallahi ya yi kewar Ubaidullahi, yaron da yanzu furfura ta cika wa gemu.

Ko da ya isa gida, Zuliha ba ta jira la'asar ba. Ta riga ta zare wayar, ta naɗe ta a kan akwatin.

Ya tsaya a bakin ƙofa. "Na tsakiyar nan, in aka tsare shi aka ce ya rantse?"

"Ba shi da abin faɗa, Baba."

Ya dubi fitilar da ta mutu.

"Mayar da shi," ya ce. "In an ɗauke wuta kuma, ki ja waya daga batirin ɗakina. Wataƙila wani yana can yana jiran buhunsa."

"Buhu kuma, Baba?"

"Ke dai kunna."