Sunan da Iya Maijidda Ba Ta Faɗa

Ni Adila bakina ba ya riƙe magana, kowa a Auyo ya sani. Amma ranar gasar kacici-kacici ta makarantun yaƙi da jahilci na mata, sai da na cije leɓe har ya yi jini.

Mu biyu aka turo Haɗeja mu wakilci ajinmu, ni da Iya Maijidda. Gaskiya ɗaya ce, ni 'yar rakiya ce, Iya ce mai kan. Shekara talatin tana suyar kifi da rediyo a rataye kusa da kasko, duk abin da ya faɗa ta haddace. Tambaye ta babban birnin Mali, kafin ka rufe baki ta ce Bamako, tana juya tarwaɗa.

Kyautar farko injin ban-ruwa ne, sabo dal, an ɗora shi kan tebur muna kallo. Shi ya kawo Iya. Ambaliyar bana ta cinye shinkafar ɗanta na fari kaf, ga mata ga 'ya'ya huɗu, har ya fara zancen tafiya Legas acaɓa. In ya sami injin nan zai yi alkamar rani ya zauna gida. Ɗan nata ne ya ɗauko mu a babur, ya koma can bayan ɗakin taro ya jingina da bango.

Mai tambayoyin Malama Comfort ce, wata malamar sakandare 'yar Filato, mai fara'a amma ba ta wasa da doka. Wadda aka tambaya ita za ta amsa, ba raɗa, ba nuni.

"Ruwan Kogin Haɗeja, wane tafki yake nufa?"

"Tafkin Cadi," in ji Iya.

"Kukuma tsirkiya nawa gare ta?"

"Ɗaya tal."

"Wace shekara Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa na Olamfik?"

"Alif ɗari tara da casa'in da shida, a Atalanta."

Kai! Ɗaki ya ɗauki tafi. Ni kuwa da aka zo kaina aka ce wace ƙasa ce ke gabas da Cadi, na ce Makka. Ku yi dariyarku, an riga ku.

La'asar ta kawo kai, saura mu da matan Kafin Hausa, maki ɗaya ba bambanci. Tambaya ɗaya ta rage, ta Iya ce. In ta kasa, a miƙa musu.

"Wane Sarkin Haɗeja ne ya bijire wa Sakkwato, ya ci rundunarta a Gamon Gafur?"

Na kusa yin guɗa. Wannan ai ko akuyar Haɗeja ta sani! Na waiga, sai na ga Iya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Nan take na gane. Sunan sarkin nan shi ne sunan ɗanta na fari. Mace irin Iya kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce da muka gada. Shekararsa talatin da huɗu, ban taɓa jin ta ce masa komai ba sai "kai" ko "wancan".

"Mai sunan yaron wajena ne," ta ce a hankali.

Matan ɗakin suka yi "ayya", duk sun gane. Malama Comfort ta dube ta da tausayi.

"Iya, na yarda kin sani. Amma ban san sunan ɗanki ba, kuma doka suna take so. Zan ƙirga goma."

Wallahi na ji haushin matar nan, na ji haushin dokar, har Iya na ji haushinta. Sunan yana kan harshena kamar garwashi, ba halin tofarwa. Ta Kafin Hausa har ta gyara zama tana murmushi.

"Shida. Bakwai."

Iya ta ɗaga kai ta dubi injin. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na ji tausayinta har hawaye ya zo mini.

"Tara."

"Buhari," ta ce, muryarta ta fito a lasifika har waje.

Kafin Malama Comfort ta ce daidai ne, kafin kowa ya tafa, sai muka ji muryar namiji daga bayan ɗaki.

"Na'am, Iya."

Muka waiwaya gaba ɗaya. Yana tsaye ya baro jikin bango, ƙato da gemunsa, ya cire hula ya toshe fuska da ita yana kuka.