Mayafi Biyu, Ƙulli Ɗaya

Matar ta sauko daga motar Khuzdar ba jaka, ba ƙunshi, ko gorar ruwa babu. Duk mai zuwa ganin kwazazzabon garinmu da kaya yake zuwa kamar mai ƙaura: tabarmi, tukwane, akwatin kiɗa, kaji a leda. Ita kuwa daga rigar jikinta sai farin mayafi. Tsohuwa Durnaz na zaune gindin dabino tana kaɗa zaren gashin akuya. Ta ɗaga ido ta dube ta, ta mayar kan aikinta.

A wajenmu baƙo ba ya zama sai ya ba da labari: inda ya fito, abin da ya baro, inda ya dosa. Aka yi shimfiɗa, aka kawo shayi. Matar ta ce sunanta Sabiha, daga Karachi take, unguwar Lyari, yarenmu ɗaya. Ɗanta Danyal, shi kaɗai Allah ya ba ta, ya zo bara da zafi shi da abokansa a kan babura. Ya shiga wanka a gurbin sama, tafkin da ke can ƙuryar kwazazzabon, bai fito da rai ba. So take a kai ta ta ga wurin. Nan ta tsaya.

"Daga can kuma sai ina?" in ji Durnaz.

"Daga can shi ke nan, Inna."

"Motar Khuzdar gobe da hantsi take juyawa. A kama miki wuri?"

"Kada a wahalar da kowa."

Kafin shayin ya huce ta zare awarwaron hannunta ta zura wa Mahikan, surukar Durnaz, wadda cikinta ya tsufa har ba ta iya ganin ƙafarta. Yarinyar ta yi ta murna. Durnaz ba ta yi ba. Mace ta ba da labarin jiya tsaf, ba ta da na gobe, ta kuma rabar da abin hannunta: wannan ba ganin ruwa ta zo yi ba, shiga ta zo yi ta zauna.

Durnaz ta yi tunanin faɗa wa ɗanta Pirdad, mai jif ɗin da ke kai baƙi, sai ta fasa. Pirdad bakinsa ba ya riƙe magana. Zai ƙi zuwa, matar ta tafi ƙauyen gaba ta ɗauki wani direba wanda ba ya tambaya. Kuma ta riga ta sha shayin gidan nan. In wani abu ya same ta, a wuyan gidan yake.

"Mahikan ba ta iya hawa mota," Durnaz ta ce wa Pirdad, "kuma mace ba ta tafiya ita kaɗai da ƙato. Ni zan raka ta."

"Ke, Inna? Ke da kika rantse ba ki ƙara shiga motata?"

"Na rantse ba na shiga mota. Wannan garwar taka wa ya ce mota ce?"

Jif ɗin ya girmi Pirdad, ƙofarsa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Hanyar kuwa ba hanya ba ce, gadon kogi ne. Duk ruwan da aka yi a kan duwatsu sai ya sauko ya share ta ya shata wata inda ya ga dama. Suka bi tsakuwa, suka bi yashi, suka faɗa ruwa suka fito, suka sake faɗawa. Wani wuri motar ta karkace har Durnaz ta ga ƙasa ta tagar da ya kamata ta ga sama.

"Kai, ɗan nan, ƙashina kake niƙawa ko gero?"

"Riƙe ƙarfen da kyau, Inna!"

"Ƙarfen ya fita tun ɗazu, ga shi a cinyata."

Sabiha ba ta yi dariya ba, ba ta kuma riƙe komai ba. Kanta ya bugi rufin motar, ko shafawa ba ta yi ba. Da injin ya tafasa suka tsaya Pirdad na yi masa wanka da ruwan kogi, ta miƙa masa wayarta ta ce ya ajiye, kada ta jiƙe. Durnaz ta ga wannan ma.

Inda duwatsun suka matso juna mota ba ta wucewa. Suka sauka suka kama tafiya da ƙafa, Pirdad a gaba da buhun gari da buta, Durnaz a tsakiya, baƙuwa a baya. Rana ta take, dutse na ƙuna ta cikin takalmi. Durnaz ba ta waiwaya ba, amma kunnenta na baya. Can sai ta ji tafiyar ta tsaya, ta ji ƙwas, tafiyar ta ci gaba. Jim kaɗan kuma ƙwas. Rigar matanmu dai kun san aljihunta, daga ƙugu har gwiwa, ɗan akuya ma zai shige. Kafin su kai gurbin ƙasa rigar Sabiha ta rinjaya gaba kamar ta Mahikan.

Gurbin ƙasa shi ne na kowa, ruwansa garai-garai, iya ƙugu, da inuwa. Nan Durnaz ta juya, ba sallama ba neman izini, ta cusa hannu cikin aljihun baƙuwa.

"Allah ya yi miki albarka! Pirdad, zo ka ga 'yar birni da ta san duwatsun gurasa. Dubi wannan, sumul kamar ƙwai. Matarka da aka haifa a nan ba ta iya zaɓe haka ba."

Ta kwashe su tas, ta zube gabansa.

"Inna, ai sun yi yawa," in ji Pirdad. "Mu uku ne fa."

"Gasa duka. Yunwa nake ji."

Ya hura wuta, ya jefa duwatsun ciki har suka yi zafi, ya naɗe kowanne da kwaɓin gari ya jera bakin garwashi. Gurasar ta gasu ciki da waje. Durnaz ta jiƙa tata a shayi ta mamula da ɗan abin da ya rage mata na haƙori. Ta Sabiha ta huce a hannunta.

"Inna, ki huta nan," in ji Sabiha. "Ku nuna mini hanya kawai, zan hau ni kaɗai."

"Ina! Rabona da gurbin sama an jima, ƙafafuna na son ruwan can. Kai kuma zauna nan. Mata za su jiƙe, ba ruwan idonka."

Daga nan hanyar cikin ruwa take, ta wani tsagi da in ka miƙa hannuwa za ka taɓa dutse dama da hagu. Matanmu in za su bi ta wurin sukan ƙulla mayafansu, saboda santsi. Durnaz ta haɗa bakin mayafinta da na baƙuwa, ta ɗaura gefe guda a ƙugunta, ɗaya gefen a wuyan hannun Sabiha. Sai dai ba ƙullin mata ta yi ba. Ƙullin dabaibayin raƙumi ta yi, wanda in ya sha ruwa sai wuƙa.

Suka shiga. Ruwan sanyi ƙarara, har cikin haƙori. Sama ta koma kamar zare, ruwa na ɗiga daga ganyen da ke manne jikin dutse, ƙananan kifaye na tsattsagar musu ƙafa. Suka hau wani dutse da rarrafe, suka zame ta bayansa, sai ga shi. Gurbin sama kewayayye ne kamar turmi, ruwa na zubowa cikinsa daga can bisa. Bakinsa kore, tsakiyarsa baƙi.

"Ina ne?" in ji Sabiha.

Durnaz ta nuna da haɓa. "Can ƙarƙashin mazubar. Ruwan na juyawa a wurin."

Sabiha ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsu tana ƙoƙarin kwance ƙullin. Ta sa haƙori.

"Kwance mini, Inna."

"Da waɗannan yatsun? Ko maɓallin rigata Mahikan ke ɓalle mini. Wuƙa kuma na wajen Pirdad."

"Kin san abin da ya kawo ni."

"Tun kina hura shayi."

"To ki ƙyale ni, don girman Allah. Ba ki san abin da nake ji ba."

"Ban ce na sani ba. Na hana ki ne? Ga ki, ga ruwa."

Sabiha ta dube ta ido cikin ido, ta juya ta taka cikin ruwan. Ta zaci tsohuwar za ta turje, ta ja, ta yi kururuwa. Durnaz ba ta ja ba. Bin ta ta yi, mayafin na lilo sakwa-sakwa a tsakaninsu. To, ita Durnaz gajeriya ce tun tana budurwa, tsufa kuma ya ƙara rage ta. Da ruwa ya kai wa Sabiha ƙugu, ita ya kai mata ƙirji. Da ya kai wa Sabiha ƙirji, ita ta ɗaga haɓa sama kamar akuya mai cin ganyen bisa.

"Koma, Inna!"

"Mayafin bai kai ba."

"Kin iya ruwa?"

"A ina zan koya? Mu nan sha muke yi. Ke fa?"

"Ubana masunci ne."

"Shi ya sa duwatsu. To, mu je, sanyi nake ji."

Gaskiyar magana, Durnaz ta tsorata. Niyyarta ta tsaya daidai nan, ba ta ƙara ko taku. Amma dutsen da ke ƙarƙashinta bai san da niyyarta ba. Ya mirgina, ƙafarta ta gurɗe, ta tafi.

Kore ta gani, sannan duhu. Ruwa ya cika mata hanci da kunne, ƙarar mazubar ta koma can nesa. Ta nemi kalmar shahada, sai ga tunanin sukarin da ta ɓoye wa Mahikan a cikin tsohuwar buta, wanda yanzu ba mai gano shi sai tururuwa. Sai ta ji an damƙi gashinta, an fizge ta sama da ƙarfin da ba ta zaci matar na da shi ba.

Sabiha ta jawo ta har kan tsakuwa, ta kifa ta, tana dukan bayanta tana zagi.

"Mahaukaciyar tsohuwa! Muguwa! Kashe kanki za ki yi a wuyana? Me na yi miki? Numfasa, don ubanki, numfasa!"

Durnaz ta amayar da ruwa, ta yi tari har idonta ya yi ja.

"Ubana dai ki bar shi ya huta," ta ce da ƙyar. "Ruwan nan ya fi daɗi a kofi."

Nan Sabiha ta zube ta fasa kuka, irin wanda ke fitowa daga ciki kamar ana tuge shi. Duwatsun suka karɓa suna mayarwa. Durnaz ba ta rarrashe ta ba. Ta zauna tana matse gashinta, tana duban idon sawunta da ya fara tasowa. Takalminta ɗaya na can tsakiyar gurbin yana zagaye.

Da kukan ya lafa Sabiha ta ce, "Kina nan ranar?"

"Pirdad ne ya fito da shi. Kan wancan faffaɗan dutsen aka kwantar da shi. Ni na rufe masa ido."

"Ya sha wahala?"

"Ban sani ba, 'yata. Duk wanda ya ce miki ya sani, ƙarya yake. Abin da na sani, da safen ranar ya tsaya ƙofata ya roƙi ruwa. Ya sha, ya ce na yi kama da kakarsa."

Sabiha ta share hanci da bakin mayafin. "Uwar ubansa yake nufi. Duk Lyari ba mai muninta."

"Ashe zagina ɗan banzan ya yi, ni kuwa har da ƙara masa dabino."

Wani abu ya kuɓuce wa Sabiha, rabi dariya rabi kuka. Ta tashi ta je wajen faffaɗan dutsen, dole Durnaz ta ja gindi ta bi ta. Ta ɗora tafin hannu a kai. Dutsen da ɗumin rana. Ta yi addu'arta a hankali, tsohuwar ta shafa tare da ita.

Inuwa ta fara hawa bangon gabas. Daga can ƙasa suka jiyo Pirdad na ƙwala kira, tsagin na kawo muryar a karye.

Durnaz ta yunƙura za ta miƙe, ƙafar ta ƙi. Wannan karon ba dabara ba ce, har gumi ya karyo mata duk da sanyin.

"To, ga ta nan," ta ce. "Ko ki kira shi ya hau ya gan mu riga manne da jiki, ko ki san yadda za ki yi da ni."

Sabiha ta waiwaya ta dubi baƙin ruwan. Ta dube shi fiye da yadda Durnaz ta so. Sannan ta tsuguna ta ba ta baya.

"Hau. Kuma kada ki shaƙe ni."

"Ke ma kada ki ƙara taɓa mini gashi, ɗan abin da ya rage ke nan."

Ta goya ta, ta naɗe su da jiƙaƙƙun mayafan. Tsohuwar ba nauyi, kamar ɗaurin kirare. Suka gangara cikin tsagin, ruwa na dukan gwiwar Sabiha, tana dafa bango tana laluben wurin taka. Suka iso inda wani dutse ya raba ruwan biyu. Ta tsaya.

"Bi ta hagu," in ji Durnaz daga bayanta. "Dama akwai zurfi."

Sabiha ta gyara goyonta, ta bi ta hagu.