Hoton Ragon Suna

Safara'u tana tsugune a bakin famfo tana wanke kwanukan waina, sai wayarta ta yi ƙara a kan taga. Ta goge hannu da gefen zani ta ɗauko. Gidan nasu na Ƙofar Kaura a cike yake da mata, domin yayarta Ramla ce ta haihu, yau kuma suna. Tun safe Zaure yake ta kawo saƙon barka, don haka ba ta ɗauka wani abu ba ne.

Zaure shi ne sunan da wansu Umair ya sa wa dandalin da ya haɗa wa dangi da mutanen ƙauyensu. Tun da 'yan bindiga suka tarwatsa garin, mutane suka daina sakin baki a manyan dandali, saboda ba wanda ya san mai karantawa. Umair mai gyaran waya ne. Ya samo wata tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ya mutu, ya jona ta da batirin sola, ya ajiye ta a ɗakin ɗinkin Safara'u, ƙarƙashin teburin yanka. Ya ce duk abin da aka rubuta a Zaure cikin wannan baƙin akwati yake kwana, ba a hannun wani kamfani ba. Akwai irinsa a Kano da Zariya da Maraɗi, kowa da nasa, ana gaisawa tsakanin wannan da wancan kamar maƙwabta. Ita aikinta ta kakkaɓe ƙura ta duba koriyar fitila tana ci. Ya kuma ba ta ikon goge duk abin da bai dace ba, ikon da ba ta taɓa amfani da shi ba.

Hoto ne Goggo Zuwaira, ƙanwar babansu, ta saka. Ragon suna ne a ƙofar gida da safe, mahauci yana riƙe da ƙahonsa, maza suna tsaye bayan an shafa addu'a. Safara'u ta yi murmushi, har za ta ajiye wayar, sai idonta ya kai gefen hoton.

Kawu Sammani ne a tsaye jikin bango. Rabin fuskarsa ya fito sarai, har da tabon da ya raba girarsa biyu.

Kawu shi ne ya nuna wa jami'an tsaro mutumin da yake kai wa 'yan bindiga labarin ƙauyensu. An kama mutumin, daga baya aka sake shi. Tun daga ranar Kawu yake ɗakin baya na gidan nan, ko masallaci ba ya zuwa. Mutanen ƙauyensu sun ɗauka ya tafi kudu neman aiki. Yau ne kawai ya leƙo waje, ya ce ba za a raɗa wa jikarsa suna yana ɗaki kamar mara lafiya ba.

A ƙasan kowane saƙo akwai 'yar alama. In hoton kwaɗon ƙofa ne, 'yan Zaure kaɗai suke gani. Na Goggo hoton duniya ne a ƙasansa.

Safara'u ta ratsa matan da ke tsakar gida kanta a ƙasa, ta shige ɗakin ɗinki ta turo ƙofa. Ta danna wurin gogewa. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ranar kowa hotuna yake turawa, kwamfutar ta yi nauyi, fankarta tana huci. Zoben ya yi ta juyawa, Kawu yana nan tsaye a bayansa. Ta ji kamar ana ta wucewa ta ƙofar gida ana kallonsa alhali ita tana jira. Sai ta durƙusa, ta laluba bayan akwatin, ta fizge wayar wutar.

Fanka ta tsaya. Koriyar fitila ta mutu. A wayarta Zaure ya zama fari fat.

Ta zauna a ƙasa har numfashinta ya daidaita. Abin da ke cikin akwati, in an rufe akwatin, wa zai gani? Ta gyara ɗankwali ta koma wajen kwanukanta. Da mata suka fara ƙorafin Zaure ya ƙi buɗewa, wata ta ɗora laifin a kan sabis, wata ta ce dama abin Umair sai ranar da ake bukatarsa yake yin fushi. Safara'u ta ci gaba da aikinta. Ta raba tuwo, ta kai wa maijego kunun kanwa, ta miƙa wa Kawu abincinsa ta bakin labule kamar kullum.

Bayan azahar Goggo Zuwaira ta kamo hannunta tana dariya. 'Yarta Bilkisu ce ta kira daga Kano, ta ce rago ya yi rago, ta kuma ga Kawu har ya yi kumatu. Dama saboda Bilkisu ta danna alamar duniya, tun da ita a dandalin Kano take.

"Goggo, yaushe ta gani?"

"Yanzun nan, muna magana tana kallo. Mi ya faru kika yi haka da fuska?"

Safara'u ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin ɗinki. Tun hantsi akwatin yake a kashe.

Ta kira Umair bai ɗauka ba. Ta sake kira. Sai ta zura hijabi ta fice ba tare da ta gaya wa kowa ba, ita da ko kanti ba ta zuwa sai an aike ta. Ta tari Keke Napep zuwa Ƙofar 'Yanɗaka. A hanya duk mai babur da ya matso kusa sai ta ga kamar ita yake kallo. Wani ya bi su har shataletale, sannan ya karya ya yi hanyar kasuwa.

Ta tarar da Umair a shagonsa, ya sunkuya kan wata waya da ya buɗe cikinta, tasa tana can gefe a caji. Ya ce ya lura Zaure ya tsaya, ya ɗauka sola ce, ya bari sai ya dawo. Ta gaya masa komai a hankali, don kada maƙwabcinsa mai sayar da caja ya ji. Da ta zo wurin fizge wayar wuta, ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Zoben ya gama juyawa kafin ki cire?"

Ta girgiza kai.

Bai yi mata faɗa ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya ja ƙofar shago ya kulle. A cikin Keke ya yi mata bayani da murya ƙasa-ƙasa. Da zarar an saka abu da alamar duniya, kowane dandali da ke bin mai sakawa yana ɗaukar nasa ya ajiye. In an goge, sai akwatinsu ya aika wa kowanne ɗan aike, ya ce masa abin nan da ka karɓa ka zubar. Ta kashe akwatin kafin 'yan aiken su fita. Da ta bar shi, da tun kafin a gama rabon waina hoton ya bar ko'ina.

Safara'u ta dubi hannuwanta. Tun safe take jin ta tsare Kawu, ashe ƙofa ta rufe a kan mai kai saƙo.

Suka shiga gida ana ta guɗa, an fito da jaririya. Umair ya mayar da wayar wuta. Fitila ta yi ja, ta daɗe a ja, kafin ta koma kore. Ya jona wayarsa, wasu layuka na Turanci suka riƙa gangarowa. Ita ba ta iya karanta su ba, fuskarsa take karantawa. Ya ce Kano ta amsa. Can ya ce Zariya ma. Maraɗi ta ɗan jima, ita ma ta amsa. Safara'u ta leƙa ta ce wa Goggo ta tambayi Bilkisu, Bilkisu ta ce hoton ya ɓace, wa ya cire? Goggo ta shiga mita, ita fa ba ta ga abin ɓoyo a rago ba. Sai da Umair ya kira ta gefe ya nuna mata gefen hoton. Ta dafe baki ta zauna a kan buhun atamfofi.

Layi ɗaya ya rage yana ta maimaita kansa.

Umair ya ce wani dandali ne da bai sani ba. Ba shi da suna irin na mutane, haruffa ne da lambobi. Mutum ɗaya ne kacal a cikinsa, bai taɓa rubuta komai ba, ba shi da hoto. Tun damina yake bin Goggo, yana bin duk wani ɗan ƙauyensu da ya bar shafinsa a buɗe. Goggo ta ce ita duk wanda ya bi ta ɗauka take ɗan uwa ne.

"Ƙila a kashe yake, kamar yadda namu ya yini," in ji Umair. "Ƙila kuma ya ji ya ƙi."

"Ba za ka iya shiga ka goge ba, Yaya?"

"Ɗakin wani ne. Yadda ba mai iya shigowa namu, haka mu ma."

Ya toshe dandalin, ya ce daga yau ba zai ƙara samun komai ba, amma abin da ya riga ya ɗauka yana hannunsa. Suka buɗe hoton a wayar Goggo suka faɗaɗa shi. Umair ya bi shi lungu-lungu yana neman abin da zai nuna unguwa. Babu masallaci, babu sunan titi, bangon siminti ne irin na ko'ina a Katsina. Har ya fara sauke ajiyar zuciya, sai Safara'u ta ɗora yatsa a saman hular Kawu. Allonta ne na katako da aka kafa a jikin bango: Safara'u Mai Ɗinki, da lambar wayarta a ƙasa, kowace lamba ta fito.

Umair ya tashi ya nufi ɗakin baya. Ta ji muryarsa yana gaya wa Kawu sai ya bar gidan, sannan ta ji Kawu yana cewa to, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, a bari a sallami baƙi tukuna kada a ɓata wa yarinya suna.

Ana kiran la'asar wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta so ta bari ta katse, sai ta tuna wanda ba a amsa masa ba wani yake tambaya.

Muryar dattijo ce, mai laushi, da harshen can wajen ƙauyukansu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutan gida. Ya ce kayan matarsa yake so a ɗinka, an ce hannunta yana da kyau. Ta tambaye shi wa ya ba shi lambarta.

"A jikin allonki na gani, ɗiyata," ya ce. "Wace unguwa ce ma kuke? In zo da kayan da kaina."

Duk wanda ya ga allon nan da idonsa, a ƙofar gidansu ya tsaya ya gan shi. Wannan mai tambayar unguwa, a hoton ya gan shi. Safara'u ce wadda in baƙo ya yi sallama take ɓuya bayan keken ɗinki. Ta dubi koriyar fitilar nan a ƙarƙashin tebur.

"Kambarawa muke, Baba," ta ce. Ta yi mamakin yadda muryarta ta fita daidai. Ta kwatanta masa can ƙarshen unguwa, wani fili da ta taɓa wucewa inda ake buga bulo, babu gida ko ɗaya a kusa. Ya maimaita kwatancen a hankali kamar mai haddacewa. Ya yi godiya, ya sa mata albarka.

"A gaida mai gidan," ya ce, ya kashe.

Ta ɗauki babban almakashinta ta fita ƙofar gida. Lungun ba kowa, maza sun tafi masallaci, sai ƙudaje a inda aka yanka rago. Ta sa bakin almakashin ta ɓanɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta sauke allon ta kifa shi a bayan ƙyaure. Da ta ja baya ta duba, wurin da ya zauna ya fi sauran bangon haske, daidai girmansa, daidai inda yake a hoton. Ta koma bakin famfo ta ɗauko bokitin ruwan wanke-wanke mai toka, ta tsoma tsumma, ta shiga shafa wa wurin har ya yi duhu kamar ɗan uwansa.

Tana cikin shafawa wata daga cikin ƙawayen Ramla ta leƙo, waya a hannunta.

"Safara'u, ke ake jira. Zaure ya dawo, zo a yi hoto da jaririya."