Ƙyallen da Hajo Ta Aika Yola

Hajo ba ta iya cin abu ita kaɗai, ko goro ne sai ta tsaga ta miƙa wa na kusa. Shi ya sa ranar da masu bincike suka rataya mata baƙin ƙyalle a ɗakinta a Falgore, duk wanda ya san halinta ya san za a rina.

An shafe ƙyallen da mai da wata fumfuna da aka gyara wa halitta a ɗakin bincike. In sauro ya sauka a kai sai ta kama jikinsa, kwana kaɗan ya mutu. Jamilatu, wadda ke zagayen duba ƙyallayen, ta ja mata kunne kada a fitar da shi daga garin. Hajo ta ce to.

Sai dai tana da jika a Yola ta Karaye, Badaru, ɗan 'yarta Munawwara, wanda damina ba ta wucewa sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Alkawari kam ta cika, ƙyalle bai bar ƙusarsa ba. Dabarar nono ta yi, wato a ɗebi tsoho a zuba a sabuwar madara. Ta shafa wa wani ƙyalle man gyaɗa, ta goga a jikin na masu bincike, ta ajiye bayan randa har ya yi kore, ta aika. Munawwara kuma duk sa'ad da nata ya bushe sai ta tayar da sabo daga tsohon.

A damina ta uku labari ya kai kunnen Jamilatu. Ta je Yola ta yanko gefen ƙyallen aka auna, sannan ta zo Falgore. Bayan an gama gaisuwa da tambayar ruwa, ta ce, "Mama, fumfunar da kika aika ta sake hali. A nan da sauro take rayuwa. A can daga ƙyalle sai ƙyalle, ga mai a sauƙaƙe. Wadda ta iya shan mai ita ta yi ta yaɗuwa, mai kisan ta ƙare."

"Amma 'yar nan, ta can ta fi tawa kore."

"Ƙiba ce kawai, Mama. Ba ta kashe sauro. Da sauƙi dai tunda suna kwana a gidan sauro."

Nan Hajo ta tuna wani abu. Ita da bakinta ta ce wa Munawwara ta huta da ɗaure-ɗaure tunda magani ya samu, gidan sauron ma yanzu 'yan tsaki aka kife da shi saboda shirwa.

Da safe ta kwance nata gidan sauron ta naɗe, ta hau acaɓa zuwa Rogo, ta shiga motar Karaye. Ta tarar da Badaru kwance a ƙarƙashin ƙyallen da rana tsaka, lokacin da sa'o'insa ke wasa a ƙofar gida. Ta taɓa goshinsa, da zafi.

"Inna, kin ga ƙyallenki," in ji Munawwara cike da alfahari. "Ko sau ɗaya ban bari ya mutu ba."

"Na gani. Kin yi ƙoƙari."

Hajo ta miƙa hannu ta zare ƙyallen, ta ɗaura igiyar gidan sauron da ta zo da shi a ƙusar da ƙyallen ya bari.

"Goya shi," ta ce, "mu tafi asibiti."