Biskit Mai Ƙanzo

Kwana goma sha biyu da rasuwar 'yarta, Kaka ta rasa yadda za ta yi da jikarta. Yarinyar shekararta bakwai, kuma ta daina cin abinci. Sai ta juya cokali a kwano ta ture. Ƙashin wuyanta har ya fito. Da aka matsa mata, abu ɗaya ta ce: "Biskit ɗin Mama nake so, mai tuffa."

Kaka ba ta taɓa gasa biskit ba. Amma takardar yadda ake haɗa shi na nan manne a jikin firij da rubutun marigayiyar, sai surukinta, uban yarinyar, ya karanta mata. Fulawa kofi biyu, sukari, bota, ƙwai ɗaya, tuffa biyu a goge, kirfa, citta, kanumfari kaɗan. Minti sha biyar a obin, wato murhun gashi.

Ta kwaɓa, ta jera a faranti, ta tsaya a bakin obin kamar mai gadi. Suka fito launin zuma, gidan duk ya ɗauki ƙamshi.

"Ƙawata, zo ki ga abin da tsohuwa ta iya."

Yarinyar ta gutsura, ta ajiye. "Ba shi ba ne."

"To, mai bakin sarauta, me ya rage?"

"Ni dai ba shi ba ne."

Washegari Kaka ta ƙara kirfa. Rana ta uku ta rage sukari. Maƙwabta suka ci har suka gaji, yarinyar kuwa ko kallo.

"Inna, ki huta haka nan," in ji surukin.

"Wa ya ce maka na gaji?"

Rana ta huɗu da hantsi ta sa farantin a obin, ta jawo durowa tana neman tsumman sauke tukunya. Sai ta ci karo da ɗankwalin 'yarta, wanda take ɗaurawa in za ta shiga kicin. Ta zauna a kan kujera ta kai shi hanci. Mantau take ce wa 'yar tata tun tana ƙarama, don sai ta ɗora tukunya ta tafi hira. Kaka ta yi ta kuka, ba ta san lokaci ya ja ba sai da ƙauri ya bugi hancinta.

"Innalillahi!" Ta zaro farantin, gindin biskit ɗin duk ya yi baƙi.

Ta ji gudu daga ɗaki. "Mama!"

Yarinyar ta tsaya cak a bakin ƙofa, tana dube-dube. Can idon yarinyar ya sauka a kan farantin.

"Mai ƙanzo," ta ce a hankali. "Kaka, shi ne."

Ta ɗauko wuƙar shafa bota, ta ɗan kankare gindin ɗaya sama-sama, ta hura, ta kai baki.

"Kullum haka Mama take yi. Ta ce ƙanzon ne daɗin."

Dariya ta ƙwace wa Kaka, hawaye na zuba. "Ja'ira Mantau! Ƙonawa take yi, ta rufa wa kanta asiri."

Yarinyar ta ci biyar, ta ce a ba ta madara.

Da uban ya dawo, Kaka ta ciro takardar daga jikin firij ta miƙa masa da biro.

"Rubuta min a ƙasa: a manta da shi kaɗan."